Zanen da Na Je Nema Har Kufai

Tun da fari bari in rage muku aiki: in kuna neman wawan wannan labari, kada ku wahalar da idonku, ni ne. Sunana Arzika, magini ɗan magini, mutumin Birnin Ƙonni. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu da rabi, rabin nan kuwa a bisa iccen tsamiya na yi shi ina gudun bulalar Mushe, malaminmu. Saboda haka in kun ga rubutuna yana ɗingishi, ku kama masa hannu ku tsallakar da shi. Kada kuma wani ya tambaye ni ƙarfe nawa kaza ya faru. Ina da agogo a lokacin, amma na ado ne, tun ranar da na saye shi bai taɓa motsi ba.

Abin ya faru a shekarun da aka fara yin siminti a Malbaza. Alhaji Nomau mai kamiyo, wato babbar motar kaya, ya gina sabon zaure, fuskarsa na duban babbar hanya, inda duk mai shiga gari sai ya gani. Tun zamanin kakana, zanen fuskar gida a unguwarmu aikin gidanmu ne. Sai ga wani Tunau ya dawo daga tsallaken iyaka da cokalin siminti da baki mai yawa, yana zana wa mutane keke da jirgin sama a bango. Alhaji ya kira mu mu biyu, ya ce, “Na gaji da dagi, ban kuma son keke, ina da mota. Wanda duk ya kawo mini zanen da ba a taɓa gani ba a Ƙonni kafin a ƙare yaɓe, shi ka yin aikin.”

Na san abin da wannan magana ke nufi. In Tunau ya samu bangon nan, duk mai kuɗin garin zai bi shi, ni kuwa in ƙare rayuwata ina liƙe tsagar rumbu. Na juye duk abin da ke kaina, ban sami komai ba sai abin da ubana ya bar mini. Sai na ce tafiya zan yi, in ga abin da hannun wasu ya yi.

Daga Ƙonni zuwa Tsarnawa

Na tashi kafin kiran asuba. Ban gaya wa kowa inda za ni ba, har maiɗakina Kulu, don a ganina magana in ta shiga kunnen mace ɗaya, kafin hantsi ta isa bakin rijiya, matar Tunau kuwa a rijiyarmu take ɗiban ruwa. Kulu ta dama mini fura a ƙwaryarta ta kullum, ta tsaya tana kallona ina sha.

Ta ce, “Malam, ina zuwa haka da takalmin Salla?”

Na ce, “Aikin gwamnati.”

Ta ce, “To, in aikin gwamnatin ya bi ta wajen Illela, a gaishe mini da Inna.”

Na ajiye ƙwaryar. A raina na ce, wa ya gaya mata zan bi ta Illela? Ni kaina ban yanke ba tukuna. Tun daga nan zuciyata ta fara wasiwasi.

A tasha na sami kamiyo mai zuwa gabas, an cika shi da buhunan gishiri, mu fasinja a bisa. Aparanti, yaron mota, ya ce dala goma zuwa Malbaza, na ce takwas, ya ce in hau jaki. Na biya goma. Muna shirin tashi sai ga wani dogo da jar dara, rataye da burgame, jakar fata, ya hawo ya zauna daidai gabana. Ya gaishe ni. Na amsa da rabin baki. Ya ce, “Ba kai ne maginin nan na bakin kasuwa ba?” Na ce kama ce. Ku riƙe mutumin nan a ranku, don ni ma na riƙe shi, har ya hana ni jin daɗin abinci.

Rana na fitowa muka isa Tsarnawa, inda hanya ta rabu, ɗaya ta yi arewa, ɗaya ta miƙe gabas. Akwai shingen jandarma a wurin. Zamanin nan ana kaffa-kaffa da baƙi masu shigowa ta iyaka, kowa sai ya sauka ya nuna takardar haraji. Jandarman ya duba tawa, ya duba ni, ya ce, “Mi kaka tahiya yi?” Na ga mai jar dara ya kasa kunne, sai na ce neman maganin basir. Jandarman ya miƙo mini takardar da sauri, ya ce Allah shi sawwaƙe. Na sayi ƙosan dala ɗaya, na ci ina juya wa mai jar dara baya.

Malbaza

Mun iso da hantsi. Na je na tsaya nesa ina kallon gidan simintin nan da ya zo ya raba ni da abincina. Gaskiya ba zan ɓoye ba, abin ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni sha'awa: dogon bututu yana hayaƙi, ƙarafa sun hau juna kamar tsani a kan tsani. Sai na tsuguna na fara zana su da yatsa a ƙasa, don haka nake aikina. Ni ba ni yawo da takarda. In na ga abu na zana shi a rairayi, na dube shi har ya shiga kaina, sannan in shafe da ƙafa don kada wani ya tsinta.

Ina cikin shafewa sai na ji hannu a wuyan rigata. Mai gadin wurin ne, da kulki.

“Taswirar mi kaka yi?”

Na ce, “Ba taswira ba ce, ranka shi daɗe, ado ne.”

“In ado ne, don mi ka shahe da ka gan ni?”

In na ce saboda Tunau, sai ya ce wane ne Tunau, a kamo shi, labari ya koma Ƙonni. Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce ai irin 'yan leƙen asirin nan da ake faɗa ne. Sai ga mai jar dara ya kutso ya ce, “Ku sake shi, na san shi, magini ne, mutumin Ƙonni. Yanzu ma maganin basir ya hito nema.” Aka yi dariya, aka sake ni.

Wani zai ce sai in yi godiya. Ni kuwa lissafi na yi. Me ya kawo shi bayana har bakin gidan siminti? Kuma don me zai cece ni, in ba don yana so in ci gaba da tafiya in kai shi ga zanen ba? Daga ranar na yanke hukunci: ɗan leƙen asirin Tunau ne.

Dogarawa

Don in ɓatar masa da sawu, na ƙi hawa mota. Na bi wasu masu jakuna da ke kai kaya Dogarawa, na sha ƙasa har la'asar, takalmin Salla ya cinye mini dunduniya. Na sauka a gidan wani tsohon magini, abokin ubana, Baba Maiɗaki ake ce masa don tsawon ɗakunan da yake ginawa. Na tarar ana bikin sunan jikansa. Aka cika ni da tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu, har na ɗan manta da maƙiya.

Da safe Baba ya zaga da ni ya nuna mini rumbunan garin. Ku da kuka taso kuna ganinsu ba za ku gane ba, amma ni a ranar kamar ban taɓa ganin rumbu ba. Manya-manya, masu ciki kamar tulu, an shafe su da tafin hannu har kana ganin sawun yatsun wanda ya yi, layi bisa layi, rana tana bi tana cika kowane layi da inuwa. Na daɗe a tsaye. Na ce a raina, wanda ya yi wannan bai san ya yi ado ba. Amma ba za ka kai wa Alhaji sawun yatsa ka ce ga zane ba.

Da muka dawo gida muka tarar mata sun baje ƙoren biki a tsakar gida, tuli guda, na maƙwabta da na dangi duk sun cakuɗe. Kowace tana ɗauka tana kifewa, ta duba gindin, ta ce wannan ta gidan wance ce, a ware gefe. Ana ta hayaniya, wata tsohuwa tana rantsuwa an musanya mata. Baba ya ce, “Kowane gida da shaidarsa a gindin ƙwarya, uwa ta bar wa ɗiya. Ba ka son ka diba?” Na ce, “Haba Baba, ni da ke neman abin da za a sa a gidan Alhaji, ina ni ina kayan mata? Ni ƙwarya abin da ke cikinta na sani.” Na faɗi haka da bakina, akwai shaidu.

Na leƙa kasuwa kafin in wuce. Wa zan gani a gindin wata bishiyar bedi? Mai jar dara, zaune, mata sun kewaye shi, ya buɗe burgamensa, yana huda fasasshiyar ƙwarya da basilla yana ɗinkewa. Wai shi gyartai. Na ce lalle Tunau ya kashe kuɗi, har sana'ar ɓad da kama ya koya wa mutumin, kuma ya iya! Ya ɗago ya ce, “A'a, magini! Yaya jikin?” Na ce da sauƙi, na bi ta bayan 'yan albasa na sulale.

Badaguishiri

Na koma Tsarnawa a wata motar albasa, na kwana a rumfar mai shayi, washegari na sami kamiyon da ke yin arewa cin kasuwar Badaguishiri. Direban wani ɗan tsamurmuri ne mai suna Hassan, ba ya taka birki sai ya yi salati. Muka yi ta hawa tudu muna gangarawa, duwatsu baƙaƙe dama da hagu. Sau biyu muka sauka muka tura. A hawa na biyu ina turawa na waiga, sai na ga wanda ke tura kusa da ni jar dara ce a kansa. A gaban mota ya zauna, shi ya sa ban gan shi ba.

Ya ce, “Hanyarmu ɗaya, ashe.”

Na ce, “Haka nake gani. Wa ya aiko ka?”

Ya ce, “Yunwa.”

Na ce a raina, an koya masa amsa. Sai bayan shekaru na zauna na yi tunani: mota ba ta zuwa gari sai ranar kasuwarsa, gyartai kuma kasuwa yake bi. Ko da aljani ne ya shiga hanyar nan a makon, tare za su yi ta haɗuwa. Amma a lokacin wa zai gaya mini?

Badaguishiri a cikin kwari take. Kana gangarowa daga duwatsu sai ka ga kore shar, garake da rijiyoyi, kamar an shimfiɗa sabon zane. Kasuwar kuwa ta cika har ta tumbatsa. A nan idona ya sha kallo. Na tsaya wajen Buzaye masu kayan fata, jakunkuna da tuntaye ja da kore, an yanka fata siriri kamar gashi. Na tsaya wajen maƙeran farfaru, na ga yadda suke tsaga layi a kan munduwa da abin da bai kai ƙaya kauri ba. Na ga tabarmi, na ga faya-fayi, na ga sirdin raƙumi mai ƙaho uku. Duk wanda na gani sai in koma bayan rumfa in zana a ƙasa in shafe. Wani Buzu ya gaji da ni, ya ce, “Kai, tun ɗazu kana taɓawa ba ka saye. Ɓarawo kake ko mai neman aure?” Na sayi ɗan zoben dala biyu don in wanke kaina.

Amma duk abin da na gani, sai zuciyata ta ce mini: wannan ana kai shi kasuwar Ƙonni, an gan shi. Alhaji kuwa cewa ya yi wanda ba a taɓa gani ba. Na zauna na ci tsire da yaji mai yawa, raina a ɓace. Mai tsiren ya tambaye ni damuwata, na ɗan gutsura masa, bayan na duba hagu da dama. Ya ce, “In tsohon abu kaka biɗa, tahi Illela. Akwai kufan wani gari can gaba, tun zamanin yaƙe-yaƙe anka tashe shi. An ce da can ko turken dokin sarkinsu da zane.” Na ba shi goro, na ce ya riƙe bakinsa. Ya ce, “Wa zan gaya wa? Kowa ya san wurin, awaki ma na zuwa.”

Illela da kufai

Na isa Illela da azahar a bayan wata tsohuwar mota mai ɗaukar buhunan gero. Na sauka a zauren wani mai saukar baƙi, aka ba ni dambu da ruwa mai sanyi. Da na tambayi hanyar kufan sai na ji kwatancen da aka yi mini ya bi ta gefen ƙauyen su Kulu, har ana cewa daga kufan kana jin dakan matansu.

Yanzu fa ga matsala. In na shiga gaida surukata, sai an yanka kaza, sai an tambaye ni abin da ya kawo ni, kuma Inna, Allah ya jiƙanta, mace ce mai alheri amma magana ba ta kwana a cikinta. Saboda haka da sassafe na ari jaki, na naɗe fuskata da rawani har ido kamar Buzu, na zaga ta bayan ƙauyen. Wata mata mai ɗauke da itace ta tsaya ta bi ni da kallo, ta ce, “Wanga zaman jakin kamar na mijin Kulu.” Na maƙe murya na yi mata wani gwalangwaso wai Buzanci, na tsunkuli jaki.

Kufan kuwa, da na iso, ga abin da na tarar. Ganuwa ta narke ta koma tudu, amma kana iya bin ta da ido har ta zagayo. Ga ramukan marina a jere sun cike da ƙasa. Ga wata tsohuwar kuka a tsakiya, ga tsingaro ko'ina kamar an yi ruwansa. Na tsaya inda nake jin nan ne ƙofar gari, na ce nan wani magini irina ya taɓa tsayawa yana jin babu kamarsa. Na yi musu addu'a. Na lura an noma cikin wurin, ga karan gero nan tsaye na daminar da ta wuce, amma ban kawo komai a raina ba.

Na yi ta tona da sanda har rana ta take. Tsingaron duk babu abin kirki, ɗan layi nan, ɗan ɗigo can. Na gaji na je gindin kukar in huta. Ina zama sai hannuna ya taɓa wani abu a cikin ganye. Sakaina ce, faɗin tafin hannu, ta yi baƙi. Na goge ta da bakin riga.

Jama'a, ban taɓa ganin zane irin wannan ba. Da wuta aka yi shi. Da'ira a tsakiya, ƙahoni huɗu sun fito daga cikinta, kowane ya lanƙwasa ya kama wutsiyar na gabansa, kamar suna gudu ba sa isa. Tsakaninsu 'yan tsaga uku-uku kamar sawun zabo. Abin da ya fi kashe ni, wani layi ya ratsa ta gefe a karkace, da 'yan ramuka bibbiyu dama da hagu, wani siririn abu ya bi ya haɗa su. Na ce wannan tambarin sarakunan wurin ne, ba shakka. Layin nan kuwa hanyar da suka bi suka zo. Ban tsaya na tambayi kaina yadda sakaina za ta shekara ɗaruruwa a ƙasar da gara ke cin ƙofa cikin damina ɗaya ba. Wannan karon ban zana a ƙasa ba. Na cusa ta cikin hulata, na mayar da rawani a kai.

Komowa

A tashar Badaguishiri na sami motar Hassan za ta koma kudu. Na hau can ƙurya, na duba ko'ina, babu jar dara. Na ce alhamdu lillahi. Da muka yi nisa, kowa na gyangyaɗi, sai na kasa haƙuri, na zaro sakainar in ƙara kallo. Sai na ji murya daga bayan buhu: “Kai! Ina ka samo wagga?”

Shi ne. Ya cire darar ya yi matashi da ita.

Na mayar cikin hula. Ya ce, “Tsaya in gani mana. Wallahi akwai aikin hannuna a jikinta.”

Na ce, “Aikin hannunka? Abin da ya girmi kakan kakanka?”

“Bara waccan na yi shi. Bari in gaya maka ta wa ce, ai ta wata tsohuwa ce can wajen...”

Na toshe kunnuwana da yatsu, na ɗaga murya yadda duk motar za ta ji: “Jama'a ku shaida! Tun daga Ƙonni mutumin nan ke bi na. Ka koma ka gaya wa wanda ya aiko ka, Arzika ba a yi masa wayo!”

Ya dube ni, ya dubi mutane, ya ce, “Ashe ba basir ba ne, abin a kai yake.” Ya juya ya ci gaba da barcinsa. Ni kuwa har Tsarnawa hannuna na bisa hula. A shinge jandarman nan ya gane ni, ya ce, “An samu maganin?” Na ce an samu. Muka shiga Ƙonni ana kiran la'asar.

Bangon Alhaji

Na tarar saura kaɗan a gama yaɓe. Tunau ya riga ya kai nasa: jirgin ƙasa, har da hayaƙi. Ni kuwa na ja Alhaji cikin zaure, na sa aka rufe ƙofa, na zana masa a ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wanga fa?” Na ce, “Tambarin sarakunan wani tsohon birni, Alhaji. Daga ƙarƙashin ƙasa na tono shi. Rabon ido da shi tun kafin zuwan Nasara.” Ya ce, “Shi nika so.”

Na sa aka kewaye bangon da zana don kada a gani sai an gama. Na kwaɓa ƙasa da makuba, na tayar da da'irar ta fi tsawon mutum, ƙahonin na fito da su har suna jefa inuwa, na bi da farar ƙasa da ja. Layin nan mai ramuka bibbiyu na ratsa shi tun daga sama har ƙasa, ban bar rami ko ɗaya ba. Ban taɓa aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba, kuma ko yau, da duk abin da ya biyo baya, ina nan a kan bakana: ya yi kyau.

Ranar da aka yaye zanar, hanya ta cika. Masu motoci suna tsayawa. Tunau ya zo ya tsaya, ya ciji leɓe, ya tafi. Nan take wasu attajirai biyu suka ce in na huta in zo in duba nasu bangon. Na tsaya ina bayani, ina nuna hanyar da sarakuna suka bi. Abu ɗaya na lura: mata masu wucewa rijiya in sun ɗaga kai sai su tsaya, su dubi juna, su rufe baki da gyale. Na ce kwarjinin tambari ne.

A nan ya kamata in yi godiya, kuma ina yi. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, aikin gidanmu bai bar hannuna ba. Na gode wa Baba Maiɗaki da tuwonsa, da Hassan da salatinsa, da mai tsire. Mai jar dara kuma, in yana raye, ya yafe mini. In ya riga mu, Allah ya sa ya huta da irina.

Da yamma na koma gida ina tafiya kamar mai doki. Kulu ta je kallo da maƙwabta, ta riga ni dawowa. Ta kawo mini fura. Na sha, na sha, ina jira ta yaba, shiru. Na ce, “Ba ki ga aikin gwamnatin ba ne?”

Ta ce, “Na gani. Shanye, Malam.”

Na shanye. Ta karɓi ƙwaryar, ta kife ta a gabana.

Da'ira. Ƙahoni huɗu, kowane ya kama wutsiyar na gabansa. Sawun zabo uku-uku. Ƙwaryar da nake shan fura a ciki tun ranar da aka kawo ta gidana.

Na ce, “Wa... wa ya kwaikwayi tambarin a nan? Matar Tunau ta shigo gidan nan?”

Ta ce, “Shaidar gidanmu ce, tun kakar Inna. Ina sakainar?”

Na ciro ta daga hula, don har ranar a nan take kwana. Ta juya ta, ta yi salati. “Ƙwaryar kai hura gona ce ta Inna! Gonarmu ta cikin kufai. Da daminar ga jaki ya taka ta gindin kuka, Inna ta yi kwana uku tana faɗa.”

Na yi ƙarfin hali na ce, “To ai naki babu hanyar sarakuna.” Na nuna mata layin.

Ta ce, “Wagga? Tsaguwa ce. Ɗunkin gyartai ne, wani dogo mai jar dara da ka bin kasuwanni. Shi ma ka sa shi a bangon, na gani, har ƙasa.”

Na zauna ina jin dariyar mata ta katanga. Can na sassauta murya na ce, “Kulu, abin da ya faru ya faru. Alhaji na son abinsa, maza ba su san gindin ƙwarya ba. Ki ja bakinki, ki ja na ƙawayenki, a bar shi a tambarin sarakuna.”

Ta ɗauki ƙwaryarta ta miƙe, ta ce, “Ni ba ni faɗa ma kowa. Amma ka san al'adarmu: abin da duk ke da shaidar ga, in biki ya watse gidan Inna aka maida shi. Kai ka gina, kai ka sa shaida. Gobe sai ka biɗo gammo mai kauri.”